Fuskar Sufeton Kifi

Duk garin babu wanda ya tsani kifi kamar mutumin da hukuma ta ɗora wa duba kifi. Ba da gangan aka yi haka ba. Hukuma ba ta cika yin abu da gangan ba. Ilimin ƙasa ya karanta a jami'a, wato yashi da laka da abin da suke yi wa saiwar shuka, kuma yana zaune lafiya a sashen gona har ranar da ya ɗaga hannu a wani taro ya tambayi inda motar sashen ta shige. Ba a ba shi amsa ba. Kafin wata ya mutu aka ba shi sashen kifi.

Sashen kifi ɗaki ɗaya ne a ƙarshen baranda, bango ɗaya da banɗaki. Akwai tebur, akwai fankar da ke juyawa idan ta ga dama, akwai hatimi a durowa, sannan a kusurwa ga injin gwaji an lulluɓe shi da tsohon labule kamar gawar da aka rasa danginta. Injin ya mutu tun zamanin sufeton da ya gada. Shi kuma wancan, da yake Allah ya hore masa dabara da tumbi, sai ya ƙirƙiro abin da zai maye gurbin injin: ranar da mai tafki zai kwashe kifinsa, dillalai su zo da manyan robobinsu, su zaɓi kifi ɗaya da hannunsu, a soya shi da gishiri kawai, sufeto ya ci a gaban kowa, sannan ya buga hatimi. Babu dokar da ta ce a yi haka. Amma an daɗe ana yi, har abin ya fi doka ƙarfi.

Sabon Sufeto kuwa tun yana yaro ko cokalin da ya taɓa kifi ba ya kai wa baki. Ba ƙaya ce ta taɓa maƙale masa ba, ba kuma wani labari ne a baya ba. Shi da ƙarnin ne kawai ba sa shiri, kamar yadda wani ba ya shiri da maƙwabcinsa ba tare da sun taɓa faɗa ba.

Saboda haka ranar kwasa yakan tsaya a bakin tafki, a miƙo masa faranti da kofin ruwa, ya gutsuri loma ɗaya ya kai baki kamar mai shan maganin zazzaɓi. Hancinsa ya tattare, leɓensa na sama ya ɗage, maƙogwaronsa ya yi ta kai-komo. Wani lokaci lomar ta wuce ita kaɗai, wani lokaci sai ya kora da ruwa, wani lokaci har da hawaye. Duk wannan kuwa Uwar Dillalai na tsaye daf da shi. Doguwar mace ce mai zobba a yatsu, wadda sauran dillalai ba sa ɗaga roba sai ta ɗaga gira, kuma tana kallon fuskarsa ne kamar mai kallon talabijin. Ya ɗauka mugunta ce, bai kuma ga laifinta ba. Da wani ne a wurin, shi ma da ya kalla.

Duk shekara yakan nemi a mayar da shi sashen gona. Duk shekara Darakta yakan ce ana dubawa.

Ana nan sai Yaya ta gina tafkunan kifi.

Yaya ita ce babbarsu, ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma ba ta taɓa barin ya manta ba. Gemunsa ya yi furfura, amma har gobe Auta take ce masa, ko a gaban masinjan ofis. Ungozoma ce a asibiti har ta yi ritaya, mijinta ya rasu, sai ta ɗauki kuɗin sallamarta kaf ta zuba siminti a bayan gidanta, ta cika da ruwa da 'ya'yan tarwaɗa. Wata ranar Asabar da la'asar ta zo gidansa, ta zauna a kan kujerar da kowa ya san tasa ce.

“Auta, kifina ya isa kwasa ƙarshen wata mai kamawa.”

“Allah ya sa albarka, Yaya.”

“Albarka tana nan. Fuskarka ce matsalar.”

Ya shafa fuskar, ya ji tana nan yadda ya bar ta.

“Ka tuna mutumin nan na bayan gidan mai?” ta ce. “Ka ci kifinsa ka yi ta hawaye kamar an yi maka rasuwa, dillalai suka juya da robobinsu wayam. Yanzu cajin waya yake yi a tasha.”

“Kifinsa warin laka yake yi, Yaya.”

“Kai wane kifi ne ba ya yi maka wari? To bari ka ji. Duk abin da na tara a duniya yana cikin ruwan nan yana buɗe baki. Abincinsu ya kusa ƙarewa. In ka je ka yi mini wannan fuskar dillalai suka juya, manyan za su fara cin ƙanana, ni kuma in sayar da gidan in tattaro kayana.” Ta juya ta dubi ƙofar da ke kusa da kicin. “Wancan ɗakin har yanzu littattafai ne a ciki?”

Daidai lokacin matarsa ta shigo da shayi. Malamar firamare ce, mace mai natsuwa, wadda aji mai cike da yara bai taɓa ruɗa ta ba. Amma ranar da ta ji maganar ɗakin sai ta tsaya cak da tire a hannu. Tana ƙaunar Yaya matuƙa, irin ƙaunar da ke bukatar unguwa biyu a tsakani.

Ranar Litinin Sufeto ya shiga wurin Darakta.

“Ranka ya daɗe, tafkin yayata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Bai dace ni in duba ba. A tura wani.”

“Wa zan tura? Injin?”

“Ko wani daga sashen gona.”

“Su ai ƙasa suka karanta,” in ji Darakta, bai ko yi murmushi ba. “Af, na tuna. Hutun nan naka na shekara da kake ta nema, na sa hannu. Daga gobe.”

“Ranka ya daɗe, bana ban nema ba.”

“Yayarka ta nema maka. Ta kira ni jiya. Ka san ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana duka.” Ya mayar da kansa kan jarida. “A huta lafiya.”

Haka aka kulle shi a gidansa da sunan hutu. Da ya dawo ya tarar Malama ta kwashe naman da ke firji ta rarraba wa maƙwabta, har da ƙwai.

“Baban yara,” ta ce, “na koya wa yaran da ba su san damansu da hagunsu ba karatu. Kai kifi ne kawai.”

Ta fara da yaudara. Ta murtsuke ɗan kifi a cikin shinkafa, ya gane tun daga bakin ƙofa. Ta jiƙa shi a lemun tsami, ta turmushe shi da citta da tafarnuwa, ta soya har ya zama katako. Ya ce yanzu katako ne mai ƙarni. Da yaudara ta ƙi, sai ta koma tsarin makaranta. Ba toshe hanci. Ba tashi daga tebur sai an haɗiye. Yau loma ɗaya, gobe biyu. Wanda bai gama aikin safe ba, shi zai tarar da rana. Ta ɗauko madubinta na ɗaki ta jingina da kwalbar ruwa a gabansa.

“Wannan kuma na mene ne?”

“Ka ga abin da mutane suke gani.”

Ya gutsura, ya tauna, ya ɗaga ido. A karon farko ya ga abin da dillalai suka daɗe suna kallo kyauta: hanci ya fara, leɓe ya biyo, sannan wuya. Sai da ya ji tausayin mutumin cikin madubin.

Cikin 'yan kwanaki gidan ya koma kasuwar kifi. Labule ƙarni, matashin kai ƙarni, tawul ƙarni. Ya buɗe wani littafi da ya fi so don ya ɓuya a ciki, ya ji shi ma ya kama. In ya buɗe taga, kyanwoyin unguwa su jeru a kan katanga suna kallonsa, ɗaya daga cikinsu doguwa mai kama da Uwar Dillalai.

Sai ya ce a ransa, ai ba so ake bukata ba, fuska ake bukata. Ya shiga gwajin murmushi da kifi a baki. Malama ta tsaya a bayansa tana duban madubin.

“Wannan ba murmushi ba ne, ciwon haƙori ne.”

“Daga nesa zai wuce.”

“Uwar Dillalai ba daga nesa take tsayawa ba. Wadda take duban idon kifi ta faɗi ko ya kwana, kai ne za ka ruɗe ta? Sai dai ka so shi da gaske.”

“Ana so da umarni ne?”

“Ni da kai yaya aka yi?” ta ce, ta ƙara masa yanka ɗaya.

Wata rana da yamma ya ce zai je ya miƙe ƙafa. Ƙafar ta miƙe kai tsaye zuwa wurin mai gasa nama na bakin titi, wanda suka yi shekara da shekaru suna hulɗa. Mutumin na hango shi ya ja takarda ya rufe naman.

“Sufeto, don Allah ka rufa mini asiri.”

“Yanka biyu kawai. A nan zan ci, a tsaye.”

“Yayarka ta zo nan da kanta. Ita ta karɓi haihuwar matata, 'yan biyu, ɗaya ma da ƙafa ya zo. Ka ce in yi maka komai ban da wannan.” Ya sassauta murya. “Amma in kifi ne, akwai wani ƙanena can gaba.”

Sufeto ya juyo gida yana tunanin cewa duk garin nan babu wanda bai faɗo duniya a tafin hannun Yaya ba, kuma kowa na nan yana biyan ladan.

Hutu ya raba tsakiya, ya gangara. Ya rame. Wandonsa ya fara neman bel. Yana iya haɗiye loma biyar ba ruwa, amma mutumin cikin madubi bai sauya ra'ayi ba. Yaya kuma kullum sai ta bugo waya, ba ta tambayar lafiyarsa, sai ta ce a ba ta Malama. Wata rana ya ji Malama na cewa, “A'a Yaya, tagar ɗakin ɗaya ce, amma iska na shiga.” Ranar bai yi gardamar loma ta shida ba.

Abin ya faru ne wata rana da azahar, ana ruwan sama, an ɗauke wuta. Tun safe shayi kawai ya sha. Malama ta hura gawayi a barandar baya ta gasa karfasa, ba ta sa mata komai ba sai gishiri da lemun tsami, don ta gaji da daka. Ta ajiye masa a gaba, ta zauna, ta ce tunda abin ya ƙi, gara su fara shawarar inda za a kai littattafan.

“A kai su ina?”

“Akwai wuri a gareji.”

“Garejin da ke yoyo?”

Nan fa ya buɗe baki. Ya yi bayanin abin da laima ke yi wa takarda. Ya kawo tarihin kowane littafi, da wanda ya saya da kuɗin makarantarsa, da wanda ya hana kansa takalmi saboda shi. Ya ce mutum ya kai shekara hamsin a duniya, an ƙwace masa sashe, an ƙwace masa hutu, an ƙwace masa mai nama, yanzu ɗaki ɗaya da ya rage masa shi ma an sa masa ido. Ya daɗe yana magana, yana nuni da hannu, kafin ya lura Malama ba fuskarsa take kallo ba.

“Ci gaba,” ta ce, “ina jin ka.”

Ya bi idonta. A farantin babu komai sai ƙaya, a jere tsaf kamar matsefi. Kan kifin kuwa yana hannunsa, hannun da yake nunin da shi, kuma ya riga ya tsotse gefe ɗaya.

Ba murna ya ji ba. Abin da ya ji ya fi kama da na mutumin da ya tsinci kansa yana dariyar barkwancin maƙiyinsa. Fatar ta yi ƙus-ƙus, ciki fari ne mai laushi, ga ɗan ɗacin hayaƙi, ga tsamin lemu a leɓe. Ya nemi ƙarnin ya rasa. Ƙiyayyar da ya rena shekara hamsin kamar 'yar cikinsa ta fice ba ko sallama.

Ya ajiye kan a hankali, ya sake ɗauka.

“Akwai saura?” ya ce, da muryar da ko shi da kyar ya ji.

Daga nan abin ya zama gangara. Tarwaɗa, wadda da ko gashin bakinta ba ya son gani, ta zo ta wuce salin-alin. Ya gano ɗan naman da ke ɓoye a kumatun kifi. Ya fara ba da ra'ayi a kan mai, yana cewa a bari ya yi zafi sosai. Malama ta mayar da madubinta ɗaki, ta bugo wa Yaya ta ce ɗalibi ya ci jarrabawa. Ranar ce ta fara yi wa ɗakin littattafai shara da waƙa a bakinta.

Ranar kwasa da hantsi bayan gidan Yaya ya cika. An rage ruwan tafkunan, tarwaɗa sai murɗawa suke yi a kan juna, baƙaƙe, masu ƙiba, suna fantsama ruwa. Motar dillalai na bakin ƙofa, an sauke robobi an jera. Yaya ta ci ado kamar mai aurar da 'ya. Malama na gefe da jakarta a hammata.

Uwar Dillalai ta naɗe hannun riga, ta nuna wata ƙatuwar tarwaɗa, aka cafko, aka shiga da ita kicin. Da aka fito da faranti da kofin ruwa, ta matso ta tsaya inda ta saba tsayawa.

“Sufeto, ka rame. Ko azumi kake yi?”

“Hutu na yi, Hajiya.”

“To bismilla.”

Ya gutsura ya kai baki. Kifin Yaya kifi ne. Ruwansa mai tsabta, namansa ya kama jiki, ko alamar laka babu. Ya lumshe ido. Ya gyaɗa kai. Ya sake gutsura, babba, ya bi da ta uku, ya juya yankan ya nemo wajen fata. Da ya gama ya lashe babban yatsa, ya dubi jama'a da fuskar mutumin da ya sauke nauyi. Yaya ta dubi Malama, Malama ta dubi sama tana godiya.

Dillalai suka dubi juna, sannan suka dubi uwarsu.

“Direba,” in ji Uwar Dillalai, “mayar da robobin mota.”

Yaya ta yi wuf ta sha gabanta. “Hajiya, lafiya? Ba ki ga yadda ya ci ba?”

“Na gani. Shi ya sa.”

“Har yatsa ya lasa!”

“Ungozoma, ke kin san aikinki, ni ma ki bar ni da nawa. Mu masu son kifi ba mu da amfani a wannan wuri. Ni ko kifin kwata aka soya mini da mai mai kyau, cewa zan yi a ƙaro. Sufeton da, mai tumbin nan, kin taɓa jin ya ce wani kifi ba daɗi? Mun kwashi asara har mun gaji. Sai Allah ya jeho mana wannan bawan nasa.” Ta nuna Sufeto da zobe. “In hanci kawai ya tattare, lomar ta wuce ba ruwa, kifin manyan otal ne, mu kwashe duka. In ya ɗauki kofi, a rage farashi. In ya yi hawaye, mu kama hanya. Bai taɓa ba mu kunya ba. Yau kuma ga shi yana lumshe ido kamar ango. Ko dai an zuba wa kifin nan wani abu a kicin, ko dai ƙane na rufa wa yayarsa asiri. Ko wanne ne, ni ba na sayen abin da ban iya karantawa ba.”

Direba ya ɗaga robar farko. Yaya ta bi robar da ido. Malama ta ƙura wa ƙasa ido. Tarwaɗa na ta buɗe baki a cikin ruwan da ya rage, suna jiran abincin da babu. Sufeto ya ga akwatunan Yaya a ƙofar ɗakin kusa da kicin, ya gan su sarai, har da wanda zip ɗinsa ya lalace ake ɗaure shi da igiya. Ya kuma ga Yaya kanta, yadda ta tsufa a tsaye cikin adon nan.

Ya ajiye farantin.

“Hajiya, kin kama ni.”

Direba ya tsaya da roba a ka.

“Wasan kwaikwayo ne,” in ji Sufeto. “Hutun nan kaf a gaban madubi na yi shi, ana koya mini. Ga malamar nan, ku tambaye ta. Yayata kuwa ita ta goye ni. In ta ce in yi murmushi a kan garwashi, yi zan yi. Amma yanzu haka da nake tsaye, cikina juyawa yake yi.”

Uwar Dillalai ta dubi Malama. “Da gaske har da madubi?”

“Har da madubi,” in ji Malama, ta ji daɗin samun tambayar da za ta amsa ba ƙarya.

Dariya ta ɓarke a cikin dillalai. Wata ta ce, “Wallahi na ce murmushin nan na aro ne!”

“Ku zaɓi wani,” ya ce. “Ku soya da hannunku, a nan waje, kowa na gani. Yaya ta koma can gefe, kada in ga idonta.”

Aka fito da risho da kasko. Uwar Dillalai ta zaɓo wata daga tafki na ƙarshe, wata dillaliya ta gyara ta, ta barbaɗa gishiri, ta jefa a mai. Ƙamshi ya tashi ya nufo Sufeto kai tsaye. Yawu ya cika masa baki, ya haɗiye, ya sake haɗiyewa.

“Ku duba, tun ba a kawo ba zuciyarsa ta fara tashi,” in ji mai suyar. “Sannu, Sufeto.”

Aka miƙo faranti da kofi. Uwar Dillalai ta matso har yana jin turarenta. Ya gutsuri loma ɗaya ya kai baki, kuma wannan ta fi ta farko, don mai suyar ta san zafin mai. Ya lalubi tsohuwar fuskarsa ya ji wayam. Ya san tsarinta, madubi ya koya masa: hanci, leɓe, wuya. Amma ya san in ya jera su da dabara, matar nan za ta gane kafin ya kai leɓe. Dole ya samo wani abu na gaske.

Sai ya tuna gobe hutu ya ƙare. Ya tuna ɗakin ƙarshen baranda, da bangon da ke jiƙewa duk lokacin da aka ja ruwa a banɗaki, da fankar, da gawar injin a cikin labulenta, da Darakta yana cewa ana dubawa, da yawan shekarun da suka rage kafin ritaya. Hancin ya tattare da kansa. Leɓen ya ɗage. Wuyan ya shiga kai-komo. Abin ya so ya zarce, don ya ji hawaye na tahowa, sai ya yi maza ya tare shi, tunda hawaye na nufin su kama hanya. Ya haɗiye lomar. Kofin na nan a hannunsa na hagu, bai kai shi baki ba.

“Yawwa!” in ji Uwar Dillalai, ta tafa hannu, zobba suka yi ƙara. “Ga sufetonmu ya dawo. Hanci kawai, ba ruwa. Direba, sauke robobin. Duka za mu kwashe.”

Wuri ya kaure da hayaniya, aka jawo sikeli, aka shiga ruwa da raga. Sufeto ya zaro hatimi daga aljihu ya buga. Sauran kifin na nan a farantin, da zafinsa, ga kan a gefe ko taɓa shi ba a yi ba. Hannunsa ya fara tafiya da kansa. Malama ta taka masa ƙafa.

“Kawo nan, bawan Allah, kada mu ƙara maka azaba,” in ji Uwar Dillalai. Ta karɓe farantin ta miƙa wa direba. Direba ya cinye a tsaye, ya jefa wa kyanwa kan, da kumatun da komai. Sufeto ya bi kan da kallo har ya shige ƙarƙashin mota.

“Kuma ka kwantar da hankalinka,” ta ƙara da cewa. “Na ji an ce kana neman a mayar da kai gona. Na gaya wa Daraktanku, ranar da ya ɗauke ka daga kifi, ranar zai tarar da robobinmu a ƙofar ofishinsa. Duk shekara sai na je na tuna masa.”

“Na gode, Hajiya,” in ji Sufeto. Fuskar da ya yi a nan ba ta bukaci wani ƙoƙari ba.

Da mota ta tashi, Yaya ta zo ta kama hannunsa biyu, idonta ya yi ja.

“Auta, ashe duk wahala kake sha saboda ni, ka ƙi faɗa. Ke kuma kika ce mini ya ci jarrabawa.” Ta juya kan Malama. “Daga yau kada kifi ya sake shiga gidan nan. Yaron nan ya rame. Zan aiko muku da cinyar rago.” Ta share ido da bakin mayafi, ta dubi tafkunan da suka zama wayam. “Jibi za a kawo sababbin 'ya'yan tarwaɗa. Wannan karon har da can wajen bishiyar zan gina.”

A gida Malama ta wanke labulaye, ta shanya matasan kai a rana. Littattafai na nan a ɗakinsu. Da cinyar rago ta iso ta dafa ta da albasa da dankali, ta zuba masa a babban faranti. Ya zauna yana juya cokali.

“Malama.”

“Na'am.”

“Ko 'yar ƙaramar karfasa. A barandar baya, a rufe taga.”

“A ina zan sayo? Duk kifin da ke kasuwar nan ta hannun Uwar Dillalai ya bi. Kafin in iso gida ta san wanda zai ci. Ga Yaya kuma za ta sake kwasa.” Ta tura masa farantin. “Ci namanka. Ba shi kake ta kuka a kai ba?”

Ya ci. Nama ne mai kyau, ba abin da ya yi masa. Yana taunawa yana tuna cewa ranar Alhamis akwai kwasa a tafkin wani mutum can bayan makarantar koyon sana'a, an ce karfasa yake kiwo. Loma ɗaya ce, a tsaye, da hanci a tattare. Ya fara jiran Alhamis.